Sharhin da Ya Kai Ni Birmingham

Sunana Sa'adatu, 'yar Gusau ce ni. Karatun digiri na biyu a fannin haɗa magunguna ya kai ni Manchester, amma ba karatun ne ya kusa koro ni daga ƙasar ba. Kiɗa ne.

Masaukina na farko yana Fallowfield, unguwar ɗalibai. Gida ne na haya da muke zaune mu 'yan mata, ni kaɗai ce baƙar fata. Ba su da mugunta, sai dai kowacce harkar gabanta take yi. Idan muka haɗu a kicin sai a yi min murmushi a ce "You alright?" a wuce, ba a jiran amsa. Sunana ya gagare su, suka mayar da ni Sadie. Ɗakina yana can sama ƙarƙashin rufi, sanyi na shigowa ta gefen taga kamar an aiko shi. Da safe in bi bas zuwa Oxford Road, da yamma in dawo, wani lokacin in wuni ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba sai a cikin addu'a.

Abin da ya riƙe ni shi ne faifan waƙoƙi. Yayana ya yi aiki a wani gidan rediyo, yana kwaso mana tsofaffin kaset na Turawa da aka daina sawa, don haka na tashi ina jin gita da gangunan rock a gefe guda, kalangu da gurmi a ɗaya gefen. Na saba da sauraron faifai daga farko har ƙarshe, ba tsallake. A Fallowfield sai na fara rubuta ra'ayina a shafina na intanet, da Turanci, don kawai in ji kamar ina hira da wani. Na taɓa cewa wani faifan pop an goge shi har ya yi santsi, kunne ba ya samun inda zai kama. Na ce wata ƙungiyar rock ta zuba duk ƙarfinta a waƙoƙin farko, sauran kuwa ɗumame ne. Akwai wani tsoho mai waƙar gargajiyarsu, shi da gitarsa kawai, na ce muryarsa ta tsufa amma ba ta yi ƙarya ko sau ɗaya ba.

Wannan rubutun ne ya haɗa ni da Callum. Wani dogon Bature ne mai fara'a, yana da 'yar mujallar kiɗa a intanet. Ya neme ni, muka haɗu a wani shagon sayar da tsofaffin faifai. Ya ce bai taɓa ganin mai kunne irin nawa ba, in zo in riƙa yi masa sharhi. Na gaya masa bizar ɗalibi ba ta yarda mutum ya yi sana'ar kansa ba. Ya yi dariya ya ce ai wannan ba sana'a ba ce, babu albashi, faifai kawai zai riƙa turo min in saurara. Na amince. Maganar gaskiya, a lokacin ko wa ya ce min yana son jin ra'ayina da na bi shi.

Da sanyi ya tsananta, hayaniyar gidan ɗalibai ta ishe ni, sai wata mata da muke haɗuwa a masallaci ta haɗa ni da Mma Azumi a Moss Side. Bahaushiyar Ghana ce, 'yar Zangon Kumasi, tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu. 'Ya'yanta sun watse, ɗakin baya ya zama babu kowa. Ranar da na kai kayana, ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Kai yarinya, ka ci abinci kuwa?" Na waiga in ga da wa take. Ashe Hausarsu ba ta cika raba mace da namiji ba. Ta ajiye min koko da ƙosai masu zafi, na kurɓa sau biyu sai hawaye. Ba ta tambaye ni dalili ba, ta ƙara min sukari kawai. Da mura ta kwantar da ni, ita ta ja ni wurin GP, likitan unguwa, ta tsaya a kaina har aka duba ni. A gidanta na fara barci mai nauyi tun zuwana Ingila.

A nan nake Callum ya turo min wani sabon faifai. Ya ce, "Wannan naki ne, akwai yarenku a ciki."

Na wata ƙungiya ce daga Birmingham, faifansu na farko. Mai rera waƙar sunanta Farida. Sun gauraya rock da kiɗan gargajiyar Turawa, irin mai goge da gita marar lantarki. Na saurara a bas, na saurara a ɗaki, na sake saurara ina wanke-wanke. Muryar yarinyar tana da wani kaushi mai daɗi, kamar ta wanda ya tashi daga barci yana da magana a baki. Waƙoƙin farko sun yi kyau sosai. Na tsakiya sun yi kama da juna, kamar an yi su ne don cike gurbi. Sai can kusa da ƙarshe, kiɗa ya yi ƙasa, na ji ta da Hausa tana cewa, "Yi shiru ɗan lele, motar goro na hanya." Na tsaya cak da soso a hannu. Waƙar reno ce, ban taɓa jin ta ba, amma jikina ya san irinta. Kafin in gama jin daɗinta sai ganguna suka faɗo mata, gitar lantarki ta danne ta, har ba a jin abin da take faɗi.

Haka na rubuta. Na yabi muryar, na yabi farkon faifan, na ce tsakiyarsa ya yi barci. Na ce waƙar Hausar ita ce zuciyar faifan, amma sun ji tsoron barinta ta tsaya da ƙafarta, sai suka binne ta da ƙara. Na ƙara da cewa harshen mawaƙiyar bai zauna a kan wasu kalmomin ba, amma wannan ƙaramin abu ne.

Ran da sharhin ya fito ina wurin aikina na ƙarshen mako, a wani babban sito na tufafi a Cheetham Hill, inda nake jera kwalaye. Wayata ta yi ta rawa a aljihu. Da aka ba mu hutu na buɗe, sai na ga sunana da hotona a ƙarƙashin wani kan labari da ban rubuta ba. Ma'anarsa ita ce: Bahaushiyar gaskiya ta tona asirin ta jabu. Duk yabon da na yi an cire shi. An bar sukan, an ƙara masa gishiri, an kuma cusa wata jimla da ke cewa waƙar sato ta aka yi daga matan Najeriya. Mutane sun yi caa a kan Farida. Wasu na zaginta, wasu na cewa a fasa zuwa wasansu. Magoya bayanta kuma sun juyo kaina. Wani ya rubuta sunan jami'ata, wani ya ce ya san bas ɗin da nake hawa.

Na fita bayan siton, inda manyan motoci ke sauke kaya, na kira Callum.

Na ce, "Wa ya ba ka izinin sa min magana a baki?"

Ya ce, "Sadie, kwantar da hankalinki, aikin edita kenan. Kin san mutum nawa suka karanta kuwa? Ba mu taɓa samun irin haka ba."

"Ka sauke shi. Ko ka mayar da wanda na rubuta."

"Ba zan iya ba yanzu. Manajan su Farida ya turo saƙo, yana maganar lauya. In na sauke kamar na amsa laifi ne. Kuma sunanki ne a kai, ba nawa ba."

Na ce to zan fito in faɗa wa duniya abin da ya yi. Sai muryarsa ta yi laushi, irin laushin da ya fi tsawa ban tsoro.

"Ki yi tunani dai. In abin ya je gaban hukuma, za a tambaye ni matsayinki a mujallata. Ni zan ce ke marubuciya ce mai zaman kanta. Ke kika gaya min bizarki ba ta yarda da hakan ba."

Na tsaya riƙe da waya, ruwa na ɗiga a wuyana daga rufin kwano. Na tuna mahaifiyata da ta sayar da filinta don in zo. Na koma ciki na ci gaba da jera kwalaye, ban san me nake ɗorawa kan me ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban je jami'a ba. Na daina hawa bas. Ko ƙarar akwatin wasiƙa na ji a ƙofa sai in zabura. Mma Azumi ta zuba min ido, har wata safiya ta shigo ɗakina ba ta ko cire rigar aikinta ba, ta zauna bakin gado.

Ta ce, "Kin san 'yar wa kika taɓa?"

Na girgiza kai.

"'Yar Alhaji Isiyaka ce. Layinmu ɗaya a Kumasi, uwarsa ta goya ni. Direban bas ne a Birmingham. Ya kira ni ɗazu, ya ce an gaya masa wai wadda ta ci mutuncin 'yarsa a gidana take kwana."

Na ba ta labarin duka. Ta saurara tana murza zoben hannunta. Da na gama ta ce ta yarda da ni, amma yardarta ba za ta kashe wutar ba. Hausawan ƙasar nan ba su da yawa, in ji ta, magana ɗaya tana zagaye su kafin shayi ya huce. Alhaji ya ce in ni 'yar halas ce in je in maimaita a gabansa.

Na ce, "Mma, in na je me zai faru?"

"Ban sani ba. Amma in ba ki je ba na san abin da zai faru." Ta miƙe. "Lahadi ba ni da aiki. Tare za mu."

Muka hau doguwar bas da safe. Mma Azumi ta ƙulla mana ƙosai a leda, ban iya ci ba. Hanya ta yi ta miƙewa, gonaki kore shar, tumaki, sai manyan sito-sito, sai wasu gonakin. Ni dai ina ta jera kalmomin da zan faɗa, suna rushewa. A wani wuri Mma ta kama hannuna ta riƙe, ba ta saki ba har muka shiga gari.

Gidan Alhaji Isiyaka ƙarami ne, a jerin gidaje masu jan bulo. Shi ya buɗe ƙofa. Gajere ne kakkaura, da furfura a gemu, sanye da jallabiya da rigar sanyi a kai. Ya gaisa da Mma Azumi da fara'a, ya tambayi 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da kai kawai. A falo na ga Farida a kujerar lungu, ta naɗe ƙafafu, idanunta sun kumbura. Ta girme ni kaɗan. Ba ta dube ni ba.

Ba a kawo ruwa ba. Alhaji ya zauna ya ce, "Ke ce mai cewa 'yata ɓarauniya ce?"

"Baba, ban faɗa ba. Wanda ke da mujallar ne ya ƙara."

"To sunan wa ke kai?"

"Nawa."

"Shi ke nan. Ni tun kafin a haife ki nake tuƙi a garin nan. Ban taɓa jin kunya a masallaci ba sai makon nan. Waƙar nan ta uwata ce. Ubana falken goro ne, in ya yi tafiya da ita take rarrashinmu. Da ita ta reni yarinyar nan da ta zo ganinmu. Sai wata ta taso daga Najeriya jiya-jiya ta ce sata ce? Ku kaɗai Allah ya ba Hausa?"

Muryarsa ta cika falon. Na ce Allah ya ba shi haƙuri, na yi bayanin yadda aka yanke rubutun, da barazanar da aka yi min. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni.

"Ba dogon Turanci nake so ba. Ga waya nan. Za a ɗauke ki, ki ce kin yi ƙarya, ki ce faifan nan babu kamarsa, babu aibu a cikinsa ko ɗaya. In kin yi, ni zan hana maganar lauya. In ba ki yi ba, ki tashi ki bar min gida, abin da ya same ki ke kika saya."

Mma Azumi ta taɓa ni da gwiwarta. Na san ma'anar: yi ki huta. Hanya ce a buɗe, magana kaɗan ce, in koma karatuna. Na dubi wayar a kan tebur.

Na ce, "Baba, zan faɗa a gaban kowa cewa ba sata ba ce, kuma an yi mata zalunci da sunana. Zan faɗi wanda ya yi, ko me zai biyo baya. Amma ba zan ce faifan ba shi da aibu ba, don yana da shi."

Mma Azumi ta ce, "Innalillahi."

Alhaji ya miƙe tsaye. Sai a lokacin Farida ta ɗago. Da Turancin Birmingham ta yi magana, irin mai jan kalma, tana tsarma Hausa kaɗan-kaɗan.

"Wane aibu?"

Ubanta ya ce ta yi shiru. Ta ce, "A'a Daddy, bari ta faɗa. Kowa yana zagina ko yana kare ni, ba wanda ya yi maganar waƙoƙin. Wane aibu?"

Na juya wajenta. Na ce waƙoƙin farko sun kama ni tun daga numfashin da ta ja kafin ta fara. Na ce na tsakiya duk tafiyarsu ɗaya, da an zubar da biyu da faifan ya fi ƙarfi. Na ce waƙar kakarta ta fi komai kyau, amma daidai inda ya kamata a bar muryarta ita kaɗai, nan aka saki ganguna.

Ta ce, "Na gaya musu. A studio, wurin ɗaukar faifan, na gaya musu. Manaja ya ce in babu ganguna rediyo ba za ta sa ba."

Alhaji ya dubi 'yarsa, ya dube ni. Ban san daga ina ƙarfin halin ya zo min ba, na ce, "Baba, kai me ka gani da ka saurara?"

Ya gyara wuyan rigarsa.

Farida ta ce, "Bai taɓa ji ba. Ko sau ɗaya. Tun da na bar jami'a na kama waƙa bai yarda an sa a gidan nan ba."

Ya ce, "Ni ba na jin kiɗan Turawa." Amma muryar ta sauka.

Mma Azumi ta gyara zama ta ce, "Isiyaka, ka taso mu tun daga Manchester a kan abin da ba ka ji ba? Wallahi sai an sa. Farida, sa mana."

Ba wanda ya isa ya yi mata musu a falon nan. Farida ta haɗa wayarta da rediyon da ke kan kabad, ta nemo waƙar. Alhaji ya koma ya zauna, ya harɗe hannuwa, ya kafa wa bango ido. Goge ya fara a hankali. Muryarta ta shigo. Da ta kai wurin motar goro, ya sauke idonsa daga bango. Hannuwansa suka warware, suka sauka kan gwiwa. Sai gangunan suka faɗo.

Ya zabura kamar an watsa masa ruwa. "Kai! Wane ne wannan? Wa ya ce ya buga nan? Kashe, kashe!"

Ta kashe.

"Yaro ake so ya yi barci, ku kuna fasa kwanoni a kansa? Kuma ba haka uwata take ja ba. Kin yi sauri. Ita tana jira ne, mai jira ba ya sauri."

Ya rufe ido, ya rera. Murya ce ta tsoho, tana rawa, ba ta da daɗin ta 'yarsa, amma ya ja kalmar hanya har sai da na ga hanyar. Akwai wani baiti da babu shi a faifan, na uban da zai dawo da tsarabar atamfa. Mma Azumi ta kama masa, tana share ido da bakin mayafi. Farida ta sauko daga kujera ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta ce ya sake, ba ta san wannan baitin ba. Ya sake. Sai da ya yi sau uku sannan ya buɗe ido ya gan ni, kamar ya manta ina wurin. Ya ce da Farida, "Baƙi sun zo tun ɗazu, ba ki kawo musu ko ruwa ba?"

A falon muka ɗauki bidiyon, ni da ita gefe da gefe. Na faɗi abin da na rubuta da abin da aka ƙara. Ita kuma ta ce ta ji sukan, wani ta yarda da shi, wani ba ta yarda ba, don har gobe tana son waƙoƙin tsakiyar. Maganar lauya ta bar kaina ta koma kan mai mujallar. Daga baya Mma Azumi ta raka ni ofishin da ke ba ɗalibai baƙi shawara, na zayyana musu komai. Na yi makonni ina jiran abin da Callum zai yi, ina firgita da kowane saƙo. Bai yi komai ba. Ya goge sharhin, ya toshe lambata. Na gama karatuna a gidan Mma Azumi, ban kuma sake ba wani rubutuna ya taɓa min ba.

Amma a ranar ban san duk wannan ba. Abin da na sani kawai shi ne an ciyar da mu shinkafa da wake da yaji, kuma Alhaji ya ce shi zai kai mu tashar bas da motarsa. A hanya sai gunaguni yake da waƙar a ƙasan maƙoshi. Da muka isa ya fito ya buɗe wa Mma Azumi ƙofa, sannan ya leƙo ta tagar da nake.

Ya ce, "'Yata, in sun sake yin wani faifan, ni za a fara kawo wa kafin a kai miki."

Na ce, "To, Baba."

"Ke kin cika sassauci."